Tsingaro a Gona: Ƙasar Kunci da Muhawarar Ilimin Kufai Kan Tarihin Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi muhawarar da masana ilimin kufai da na tarihi suke yi a kan yadda ƙasar Hausa ta ginu, ta kuma nuna cewa mafi yawan hujjojin da ake kafawa daga birane da makwantan sarakuna aka samo su. Karkarar da ta ciyar da biranen kuwa ba ta sami irin wannan kulawa ba. An ɗauki ƙasar Kunci, a arewacin Jihar Kano, a matsayin misali domin bayyana dalilin da ya sa karanta tarihi daga gonakin da ake nomawa kowace shekara yake da wuya, da kuma hanyoyin da za a iya bi a bambanta tsohon mazauni da gonar da aka daɗe ana zuba wa taki.

1.0 Gabatarwa

Ilimin kufai fanni ne da yake nazarin rayuwar mutanen da ta hanyar abubuwan da suka bari a cikin ƙasa ko a bisanta: tsingaro, toka, ƙasusuwa, kashin maƙera, ganuwa, rijiyoyi da kaburbura. Bahaushe ya daɗe da sanin irin waɗannan wurare, shi ya sa yake da kalmar kufai, wato wurin da aka taɓa zama aka tashi. Abin da fannin ya ƙara a kan wannan sani shi ne auna shekaru da kuma kwatanta wani wuri da wani bisa tsari.

Ga mai nazarin Hausa, wannan fanni ba baƙo ba ne da za a bar wa wasu. Tambayar da ake yi a kan inda harshen ya fara yaɗuwa, da lokacin da sarauta ta kafu, da dangantakar Maguzawa da mutanen birni, duk suna jiran amsar da rubuce-rubuce da labaran baka kaɗai ba su iya bayarwa ba. Ƙasar Kunci tana cikin filin da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura, wato tsakiyar yankin da muhawarar take magana a kai. Saboda haka ta dace a jarraba ra'ayoyin masana a kanta.

2.0 Tushen Muhawarar

A farkon ƙarni na 20, H. R. Palmer ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi, aka buga a 1908. Wannan kundi, wanda aka tattara a ƙarshen ƙarni na 19, ya fara lissafin sarakuna daga Bagauda, wanda Palmer ya sanya farkon mulkinsa a shekarar 999, ya kuma danganta fara ginin ganuwar Kano ga Gijimasu. Palmer da ire-irensa sun ɗauki labarin Bayajida da na Bagauda a matsayin shaidar cewa baƙi ne daga gabas ko arewa suka zo da tsarin mulki suka ɗora wa mutanen ƙasa.

Abdullahi Smith, a maƙalarsa ta 1970, ya ƙi yarda da wannan fassara. A ganinsa, sarauta a cikin gida ta tsiro. Ƙauyukan dangi ne suka bunƙasa suka zama garuruwa, wasu garuruwan kuma suka zama birane saboda sun dace da ƙasar noma mai kyau, da tama, da duwatsun da ake tsafi a kansu, irin su Dala a Kano da Kufena a Zariya. Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a littafinsa na 1981 a kan Katsina, inda ya mai da hankali ga yadda ƙauye da gari da birni suka sarƙu da juna.

A 1979, J. E. G. Sutton, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zo da wata mahanga. Ya dubi yadda harshen Hausa yake da faɗin ƙasa amma bambancin karorinsa bai kai yadda za a zata ba, ya ce wannan alama ce ta yaɗuwar da ba ta daɗe ƙwarai ba. A ra'ayinsa, Hausa ta yaɗu ne daga gabas, wajejen Haɗeja da Daura da Kano, zuwa yamma, a cikin shekaru dubu da suka wuce, kuma yaɗuwar ta tafi kafaɗa da kafaɗa da sare daji ana mayar da shi gonaki masu itatuwa jefi-jefi. Murray Last kuma, a 1980, ya ja hankali ga cewa sassan farko na Tarihin Kano suna ɗauke da kinaya da manufofin zamanin da aka rubuta su, don haka bai kamata a karanta su kamar rahoton wanda ya gani da ido ba. Littafin da Anne Haour da Benedetta Rossi suka shirya a 2010 ya sake buɗe zancen, ya nuna cewa zama Bahaushe abu ne da aka riƙa shigarsa a lokuta da wurare daban-daban.

Abin lura shi ne, ra'ayin Smith da na Sutton duk a kan karkara suka dogara. Na farko yana bukatar a ga ƙauyuka sun riga birane, na biyu yana bukatar a san lokacin da daji ya koma gona. Ba za a tabbatar da ko ɗaya ba ta hanyar tona cikin birni kaɗai.

3.0 Abin da Tono Ya Fito da Shi

Akwai wurare uku da ake yawan ambata idan ana wannan zance.

Na farko shi ne Dala. An auna gawayin da aka samu a wurin narkar da tama a nan, ya nuna wajejen ƙarni na 7 Miladiyya. Wannan ya tabbatar da cewa maƙera suna aiki a wurin ɗaruruwan shekaru kafin lokacin da aka ba Bagauda. An kuma sami tsofaffin wuraren narkar da tama a yammacin Samaru, kusa da Zariya, waɗanda su ma suka faɗo a cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya. Sai dai ƙarfe ba ya faɗar harshen wanda ya ƙera shi. Sanin cewa akwai maƙera a Dala a ƙarni na 7 bai nuna cewa Hausa suke yi ba.

Na biyu shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani ta Jihar Katsina, inda ake da tuddan kaburburan da labarin baka yake dangantawa da Durɓawa, masu mulkin da suka riga Korau. Palmer ya fara tona wurin a 1907. A farkon shekarun 1990, Gerhard Liesegang tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa suka tona uku daga cikin tuddan, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su aka nazarce su a ƙarƙashin jagorancin Detlef Gronenborn. An sami tasoshin tagulla, da zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi, da wuri, kuma an ƙiyasta shekarun kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wasu daga cikin kayan daga ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya suka fito. Wurin da aka samu a nan yana da muhimmanci na musamman, domin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, a farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Tonon ya nuna cewa ya riga wannan lokaci isowa, ko da a matsayin kayan ado ne kafin ya zama kuɗi.

Na uku shi ne Kufan Kanawa, a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, wani faffaɗan wuri da ganuwar duwatsu ta kewaye, wanda mutanen wurin suke cewa daga nan Kanawa suka tashi. Anne Haour ta yi tono a can a farkon wannan ƙarni, sakamakon ya nuna an zauni wurin wajejen ƙarni na 14 zuwa na 17. Ke nan lokacin da ake zaune a Kufan Kanawa, Kano ta riga ta zama birni, domin zamanin ya haɗa da na Yaji da na Muhammadu Rumfa. Wannan bai ƙaryata labarin baka ba, amma ya tilasta a sake tambayar abin da labarin yake nufi: ƙaura ce ta kafa birni, ko kuwa tunawa ce da wata hulɗa ta fatauci da zumunci tsakanin wurare biyu da suka yi zamani ɗaya?

Dukkan wuraren nan uku fitattu ne. Dutse ne, da makwancin manya, da gari mai ganuwa. Sun faɗi abubuwa da yawa a kan masu mulki da fatake da maƙera, amma kaɗan suka faɗa a kan manomin gero da dawa.

4.0 Ƙasar da Noma Ya Cika

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shahara da nazarin karkarar Kano tun daga 1965, inda ya bayyana ta a matsayin yanki mai cunkoson jama'a da ake noma gonakinsa kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Abin da ya riƙe ƙarfin ƙasar shi ne taki, da haɗa noma da kiwon awaki da tumaki, da shuka wake da gyaɗa a tsakanin hatsi, da barin itatuwa masu amfani irin su gawo, ɗorawa, tsamiya da kuka. Polly Hill, a littafinta na 1977 a kan Ɗorayi, ta nuna cewa manoma a kewayen Kano a warwatse suke zaune, kowane gida a cikin gonakinsa, kuma cunkoson ya riga zuwan Turawa.

Akwai shaidar matafiya ma. Heinrich Barth ya bi ta Kusada da Bichi a kan hanyarsa daga Katsina, ya shiga Kano a farkon watan Fabrairu na 1851, ya kuma yaba kyawun gonaki da itatuwan da ya ratsa. Wannan hanya ba ta da nisa da ƙasar Kunci. Don haka an san cewa a tsakiyar ƙarni na 19 wannan ɓangare ya riga ya zama ƙasar noma. Tambayar da ta rage ita ce: tun yaushe? Idan tsarin ya kai shekara dubu, ya ƙarfafa ra'ayin Sutton. Idan kuwa akasarinsa a ƙarni na 18 da na 19 ya kafu, to sai a nemi dalilinsa a bunƙasar kasuwar Kano, da rinjojin bayi, da ƙaurar jama'a bayan jihadi.

Tarihin yankin na kusa ma ya ƙara ɗaure kai. Arewacin Kano ne fagen rikicin Ɗantunku da Sarki Ibrahim Dabo bayan 1819, rikicin da masarautar Kazaure ta samo asali daga gare shi. An yi basasar Kano daga 1893, sannan ga hare-haren Damagaram a ƙarshen ƙarnin. A lokacin tsoro mutane sukan taru a garuruwa masu ganuwa, idan hankali ya kwanta su koma gonaki. Bayan 1903, da kuma isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 wanda ya buɗe kasuwar gyaɗa, an ƙara bazuwa. Kowane zagaye na taruwa da watsuwa ya bar nasa kufai, kuma an nome su duka daga baya.

5.0 Kufai ne ko Taki?

Duk wanda ya ratsa gonakin wannan yanki da rani, bayan an kwashe kara, zai ga tsingaro a warwatse a kan kunyoyi. Mai bincike da bai yi hattara ba zai iya ɗauka cewa duk inda tsingaro yake, an taɓa zama. Wannan kuskure ne, kuma dalilinsa yana cikin yadda manomi yake yin taki.

Takin gargajiya ba kashin dabbobi ne zalla ba. Sharar tsakar gida ce, da tokar murhu, da abin da aka kwaso daga turke da juji. Tukunyar da ta fashe a madafa, a juji take ƙarewa. Da bazara a loda jujin a mangala, jaki ya kai gona. Toka da kashi su ruɓe su shige ƙasa, tsingaro kuwa ba ya ruɓewa. Idan aka yi haka shekara ɗari biyu, gonar da ba a taɓa kafa ko bukka a cikinta ba za ta cika da tsingaro. A kusa da birnin Kano, har daga cikin gari ake ɗauko takin a kan jakuna. A wuri mai nisa kamar Kunci kuwa, daga gidajen manoman da garuruwan yankin yake fitowa, wanda ya sa gonar da ke bakin gida ta fi ta nesa samunsa.

Wannan matsala ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. T. J. Wilkinson, a 1982, ya nuna cewa tsingaron da ya kewaye tsofaffin garuruwa a Gabas ta Tsakiya alama ce ta gonakin da aka zuba wa taki. John Bintliff da Anthony Snodgrass sun kafa irin wannan hujja a kan ƙasar Girka a 1988. A 1994 kuma Susan Alcock da John Cherry da Jack Davis suka yi musu raddi, suka ce taki kaɗai ba zai bayyana yawan tsingaron ba, domin zaizayar ƙasa da ƙananan mazaunai da zubar da shara duk suna da hannu. Masu wannan gardama suna magana ne a kan noman da ya shuɗe, wanda ba wanda ya gani. A arewacin Kano kuwa ana kan yin aikin. Ana iya bin taki daga juji zuwa gona, a ƙirga abin da mangala guda take ɗauke da shi, a auna nisan da ake kai shi. Wannan dama ce da karkarar Kano za ta iya ba fannin baki ɗaya.

Haka kuma, tsingaron taki ba abin zubarwa ba ne a wajen mai bincike. Shi kansa shaida ne cewa an yi noman dindindin a wurin. Idan aka iya sanin shekarunsa, an sami amsar tambayar da ke sama, wato lokacin da gona ta daina hutawa.

6.0 Hanyoyin Rarrabewa

Akwai alamomin da suke taimakawa. Tsingaron kufai yakan taru a wuri guda, manya-manya, bakinsa da kaifi, tare da dutsen niƙa, da ƙasa mai duhu, da ɗan tudun da rusasshen gini ya bari. Na taki kuwa ƙanana ne, fartanya da garma sun goge su, kuma yawansu yana raguwa a hankali yayin da ake nisa da gida. Kukoki da suka yi cincirindo, da tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da rijiyar da ta rufta, da ramukan marina, duk suna nuna mazauni. Kashin maƙera yana nuna wurin narkar da tama, kuma gawayin da ke tare da shi ana iya auna shekarunsa da ma'aunin kabon-14.

Babban giɓin shi ne rashin cikakken jerin tukwanen ƙasar Kano bisa zamani. A wuraren da aka yi nisa da bincike, mai tono yakan dubi bakin tukunya da zanen jikinta ya faɗi ƙarninta. Hanyar samun haka ita ce a tona tsofaffin jujaye masu zurfi hawa-hawa, a auna kowane hawa, a ga yadda adon da ake yi da murɗaɗɗen zare ko sassaƙaƙƙen itace ya riƙa sauyawa. Akwai kuma abin da yake yanke zamani kai tsaye: lofen shan taba na yumɓu. Taba daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta kuma yaɗu a Afirka ta Yamma ba sai wajejen 1600, saboda haka hawan da aka sami lofe a cikinsa bai riga wannan lokaci ba. Ga ganuwar ƙasa kuwa, akwai ma'aunin da yake gano lokacin ƙarshe da ƙwayar yashi ta ga hasken rana. Tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam na shekarun 1960 suna nuna zoben ganuwa da hanyoyin da noma ya shafe daga baya.

A nan ne masanin Hausa yake da rawar da ba mai taka masa. Sunayen wurare da suka ƙunshi kufai, tsohon gari, maƙera, marina, rinji, zango ko kafi, kundi ne da ba a rubuta ba. Haka kalmomin magina tukwane, da kirarin garuruwa, da jerin sunayen dagatai. Sai dai darasin Kufan Kanawa ya isa gargaɗi: suna yana nuna inda za a tona, amma ba ya faɗar shekara. Dole a tattara bayanin baka da na tono kowanne da kansa, sannan a gwama su, kada a tilasta wa ɗaya ya gaskata ɗaya.

7.0 Abin da Ake Gudun Rasawa

Lokaci ba ya jiran wannan bincike. Garmar shanu da tarakta suna shiga ƙasa fiye da fartanya, suna cakuɗa hawa da hawa. Masu yin bulo da masu cikon hanya sukan fi son tudun kufai. Manoma ma sukan kwashi ƙasar tsohon juji su kai gona saboda ƙarfinta, wanda ke nufin tsingaron wani ƙarni yana iya komawa wata gona a yau. Robobi da tukwanen dalma sun rage amfani da na ƙasa, magina suna raguwa, da su kuma ilimin da zai fassara abin da aka tono. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta tanadi kare kayan tarihi, amma wurin da ba a san da shi ba, ba a iya kare shi. Kuma gonakin nan abincin mutane ne. Binciken da zai yi nasara shi ne wanda aka yi da rani, da yardar mai gona da sanin dagaci da mai unguwa, aka kuma mayar da ramin yadda aka same shi kafin ruwa ya sauka.

8.0 Kammalawa

Muhawarar asalin ƙasashen Hausa ta kai inda sake karanta Tarihin Kano kaɗai ba zai ciyar da ita gaba ba. Dala, Durɓi ta Kusheyi da Kufan Kanawa sun tabbatar da tsufan ƙira, da faɗin fatauci, da sarƙaƙiyar labaran ƙaura. Abin da ya rage shi ne tarihin gonar da ta ɗauki nauyin wannan duka. Yanki kamar Kunci yana bukatar bincike na ƙafa, gona bayan gona, tare da tonon jujaye domin gina jerin tukwane, da nazarin yadda ake kai taki a yau, da tattara sunayen wurare daga bakin dattawa. Aiki ne da sashen ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da sassan Hausa, tarihi da labarin ƙasa na Jami'ar Bayero za su iya haɗa hannu a kansa. Ta haka ne za a gane ko ƙauye ne ya haifi birni kamar yadda Smith ya ce, ko kuwa bukatar birni ce ta mayar da dajin arewacin Kano gonaki.